Sunan Yankan Dattijo

Duk mai cewa ɗan doka ba shi da zuciya, ya zo nan ya faɗa a gabana in ji. Ni ƙanwar ɗan doka ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na ga abin da kaki ya yi wa Yaya Lawal da idona, ba labari aka ba ni ba.

Yaya ya tafi yaƙin Bama, a yaƙin duniya na biyu, yana da mata ɗaya da ɗa ɗaya, ya dawo da tabo a ƙwauri da wata irin tafiya kamar ya haɗiye taɓarya. A shekarun nan ne birni ya fara kwasar tsofaffin soja yana sa su aikin doka. Da can dogarai muka sani, masu manyan riguna. Sai ga waɗannan da gajeren wando da jar hula da bel mai faɗi, ana koya musu fareti a fili, ana ce musu yanzu aiki ya zama na tsari. Yaya ya shiga. Ya yi gadin kasuwa a birni, ya yi tsaron ƙofar alƙali, ya raka masu laifi a ƙafa har tafinsa ya zama kamar fatar ƙirgi. Turawa suka tafi, aka ce mun sami mulkin kai, muka yi guɗa har muryarmu ta dushe. Kakin Yaya dai bai canja ba, igiyar ɗaure mutane ma ita ce ta jiya. Abin da ya ƙaru kawai, an ba shi kofur, aka turo shi Makarfi, kusa da gida.

To, ɗan nan nasa guda na fari shi ne Dattijo. Ba sunansa ba ne. Ranar suna an raɗa masa sunan mahaifinmu, wanda ya rasu kafin a haife shi. Ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan Baba, wa zai buɗe baki ya kira? Uwarsa Mairama ko “Dattijo” ɗin ma ba ta faɗa, sai dai “yaron nan” ko “wancan”. Yaya kuwa in yana nemansa sai ya yi gyaran murya ya ce “Kai!” Ni ma da nake ba ku labarin nan, sau ɗaya zan faɗe shi don ku gane, Allah ya gafarta wa Baba: Sama'ila. Shi ke nan, kada wanda ya sa ni maimaitawa ba dalili.

Dattijo ya tashi a ƙauyenmu, wata 'yar unguwa a gefen Taba, a hannun uwarsa da ni, don uban kullum yana wajen aiki. Ya girma ya yi aure, ya kama sana'ar rake. Shi ke kula da dokin da ke juya injin matsa, shi ke tsayawa kan kaskon mazarƙwaila. Yaro mai ladabi, wallahi, amma bakinsa ba ya riƙe magana in ya ga ba daidai ba. Wannan kam a wajena ya gado, ba na musu.

A shekarar zaɓe aka zo aka kwashe mazan unguwarmu aikin hanya na dole, ana tsakiyar yankan rake, raken mutane ya bushe a gona. Ranar kasuwar Kudan 'yan adawa suka yi lacca ba izini, Dattijo ya hau kan duro ya faɗi abin da ke cikinsa. Mai gabatarwa kuwa, wani ɗan birni mai son burga, maimakon ya ce Dattijo kamar kowa, sai ya kira shi da sunan yanka. Wani ɗan kai rahoto da ke can bayan taro bai ga fuska ba, suna kawai ya ji, da cewa mutumin wajen Taba ne mai aikin rake. Abin da ya kai birni ke nan.

Ranar da motar 'yan doka ta zo, ina wajen injin na kawo wa ma'aikata fura. Hantsi ne, doki na zagayawa, kasko na tafasa. Na farko da ya diro Saje Markus ne, mutumin kudancin lardi, baƙi dogo, wanda suka yi Bama tare da Yaya. Na san shi, ya taɓa cin tuwona. Bayansa wasu 'yan doka matasa. Na ƙarshe, kamar ana janyo shi da igiya, Yaya Lawal. An biya Makarfi an ɗauko shi don shi ne ɗan ƙasa. Da na ga fuskarsa na ajiye ludayi, na san ba lafiya.

Aka tara duk mazan da ke wurin aka jera su a rana. Dattijo na tsakiya, rigarsa duk ruwan rake. Kusa da shi tsoho Ya'u mai injin, wanda tari ya cinye har ƙirjinsa ya zama kamar kwando.

Saje ya ce, “Ba mu zo da faɗa ba. Mutum ɗaya muke nema. Wanda ya yi magana a kasuwar Kudan ya fito.”

Shiru. Ai an riga an gama magana tun washegarin laccar. Ya'u ya tara su ya ce, a ƙauyen Janfalan an taɓa zuwa irin wannan kamu, mutane suka rufe baki, da yamma aka gaji aka sake su. Ya sa Dattijo ya yi alkawari ba zai motsa ba, don matarsa Ummuhani cikinta ya tsufa, yau ko gobe. Ni da kaina na ga hannun Ya'u riƙe da gefen rigar yaron ta baya, kamar mai riƙe akuya a kasuwa.

Saje ya bi layin yana kallonsu ɗaya ɗaya, ya kira sunan da ƙarfi, irin kiran fareti. Ko gezau. Ya sake, ya tsaya yana duba wanda ƙiftawar idonsa za ta tona shi. Ina! Wasu cikinsu ma da gaske ba su san sunansa ke nan ba, tun yana goye Dattijo suka sani. Ya juya wajen dagaci, wanda aka kira ya zo yana haki. Dagaci ya rantse bai san wani mai wannan suna a unguwar ba sai wani tsoho da ya daɗe da rasuwa. Bai yi ƙarya duka ba, Babanmu yake nufi.

Rana ta take. Dokin ya tsaya don ba mai kora shi, mazarƙwailar da ke kasko ta fara ƙauri, ba wanda ya isa ya je ya sauke. Ya'u ya kama tari har ya durƙusa, wani ɗan doka matashi ya ɗaga shi da kan kulki. Na yi masa tsawa na ce, “Kai, ba ka da uba a gida?” Yaya ya harare ni, na harare shi. Shi yana tsaye can gefe, hannu a baya, idonsa a kan tukar raken da ke ƙasa. Bai kalli layin ba ko sau ɗaya. Gumi na bin wuyansa yana shiga kwalar kaki.

Ku fahimci inda yake. In ya ce ɗansa ne, ya miƙa shi da hannunsa. In ya yi shiru, umarnin da aka ba Saje shi ne, in ba a sami mutumin ba a kwaso duk mazan wurin a kai birni, can a tace. Ya'u ba zai kai mako a gidan yari ba, kowa ya sani. In kuma ya cire hular ya jefar ya ce ya bar aiki, to ya nuna musu da yatsa cewa akwai nasa a layin. Ko ta ina ya juya bango ne. Na tausaya masa, kuma na ji haushinsa, duka a lokaci guda, don wa ya aike shi sa kakin tun farko?

Saje Markus ya cire hula ya share goshi. Shi ma ya gaji, kuma ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. Ya matso kusa da Yaya ya rage murya, amma ina kusa, na ji.

“Kofur, ni ban ga amfanin kwasar tsofaffi a mota ba. Wataƙila ɗan rahoton nan shirme ya kai. Wataƙila kuma bakina ne ba su gane ba, ka san Hausata ta bariki ce. Kai ɗan gida ne. Kira sunan sau ɗaya, da bakinka, a gaban yaran nan nawa su zama shaida. In ba wanda ya amsa, in sallame su, in koma in ce babu mai wannan suna a nan. Ka taimake ni mu tafi.”

Wayyo Allah! Shi a ganinsa ƙofa ya buɗe. Kuma ƙofar ce, wallahi. Kalma ɗaya, shiru ɗaya, kowa ya koma bakin aikinsa. Bai san abin da ya roƙa ba. A wajensu uba na kiran ɗansa da suna tun safe har dare, ba komai ba ne.

Yaya ya ce, “Saje, ai ka kira, ba su amsa ba.”

“Na kira. Yanzu kai.”

“Muryata ta dushe yau.”

Saje ya dube shi da mamaki. Matasan nan ma suka fara kallon juna. Na ga Yaya ya lura da kallon. In ya ƙara ja, sun gane. Ya gyara bel. Ya tako gaban layin, ƙafarsa mai tabo tana ɗan ja. Ya tsaya nesa da Dattijo, ya juya masa gefen fuska, ya kafa ido a kan dokin. Ni kuwa ina ta faɗi a zuci, yaron nan ka yi shiru, don girman Allah ka yi shiru, ka yi shiru kamar yadda ka yi wa Saje. Ya'u ya ƙara damƙe rigar.

Yaya ya buɗe baki. Ya faɗi sunan. Ba da muryar fareti ba, ya manta da ita. A hankali ya fito, da rawa a ciki, yadda mutum ke kiran wanda yake so ya tashe shi daga barci ba tare da ya firgita ba.

“Na'am, Baba.”

Kafin sunan ya gama sauka ya amsa. Kuma ba amsawa kawai ba, har ya kai gwiwa ƙasa, rigar ta zame daga hannun Ya'u. Haka muka tarbiyyantar da shi, ni da uwarsa: in babba ya kira, ka amsa kafin ka yi tunani. Sai da gwiwarsa ta taɓa ƙasa sannan na ga ya gane abin da ya yi. Ya ɗago ya dubi Ya'u, ya dubi ni. Na ɗora hannu a ka na kurma ihu, ƙwaryar furar ta kife.

Saje Markus ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce, “Baba? Kofur, ɗanka ne?”

Yaya ya gyaɗa kai.

“Haba, Lawal! Don me ba ka gaya mini tun a mota ba?”

“Da na gaya maka, me za ka yi, Saje?”

Saje ya waiwaya ya dubi matasan da ya ce su zama shaida. Suna nan tsaye, sun ji komai, kuma cikinsu akwai mai son ganin igiyar muƙamin kofur a hannun rigarsa. Saje ya mai da hularsa ka, ya ce a sallami sauran.

A ƙa'idar aikinsu, wanda ya gano mai laifi shi ke ɗaure shi, shi ke riƙe igiyar har a miƙa shi. Saje ya ce wani ya karɓa, Yaya ya ce a'a. Ya san yadda matasan nan ke ɗauri, sai igiya ta ci fata. Ya kwance ta daga ƙugunsa, ya durƙusa gaban ɗansa, ya zagaya masa ita a hankali, yana sa yatsa tsakanin igiyar da jiki don kada ta matse. Na matso har ina jin numfashinsu. Ba wanda ya hana ni, da ma wa zai iya?

Yaya bai ɗaga kai ba ya ce, “Kai, me ya sa ka amsa? Shiru kawai za ka yi. Shiru kawai.”

Dattijo ya ce, “Na yi niyya, Baba. Wallahi na yi niyya.” Hawaye na zubo masa, amma bakinsa kamar mai shirin murmushi. “Ban taɓa jin sa a bakinka ba. Ashe haka kake faɗinsa.”

Hannun Yaya ya tsaya a kan ƙullin. Na ga kafaɗarsa tana rawa. Mutumin da aka ce ko a Bama ba a ga hawayensa ba, ga shi durƙushe cikin tukar rake da jar hula a ka, ya kasa ƙarasa ƙulli ɗaya. Dattijo ne ya sa hannu ya taya shi ja.

Suka hau bayan mota, uba riƙe da bakin igiya, ɗa zaune a gefensa. Aka bar ni da zuwa gida in gaya wa Mairama da Ummuhani. Mairama na tankaɗe a tsakar gida. Na faɗa mata an tafi da yaron, na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi kuka nan take ba. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

Ta ce, “Ya kira shi? Da sunan?”

Na ce ya kira.

Ta ce, “Kuma ya amsa?”

Na ce ya amsa, har ƙasa.

Ta ce, “To ai dole. Ni na koya masa.” Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.