Fasassun Perogi

Orest Hrynkiw ya kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke takalminsa a bakin matakala, ya gangara ɗakin ƙasan cocin. Tun bai kai ƙasa ba ƙamshin soyayyar albasa da man shanu ya tare shi, har sai da ya dafa bango. Ƙamshin nan bai canza ba tun yana yaro, lokacin da mahaifiyarsu ke zaunar da shi ƙarƙashin tebur da ɗan curin ƙulli a hannu don ya bar ta ta yi aiki.

Aikinsa gyaran tandun gidajen burodi, kuma aikin ya yawata da shi ƙasar nan kaf. Ya ci dankali da cuku da romo a Montreal, ya ci naman da ake naɗewa a gurasa da miya mai zaƙi a Halifax, ya ci kifin Vancouver har ya gundure shi. Ko'ina ya je sai ya ɗauki hoton kwanonsa ya sa a waya duniya ta gani. Wannan ɗabi'ar ce ta ja masa. A bazarar da ta wuce ya shigo Winnipeg, garin haihuwarsa, ya sauka a otel bai gaya wa kowa ba, ya ci perogi, wato ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki, a wani gidan abinci na 'yan gayu, ya rubuta a ƙasan hoton cewa bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Yayarsa Halyna ta gani. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga wayarsa ba, ita kaɗai kuwa ta rage masa a duniya.

Ga ta can a ƙarshen dogon tebur cikin matan da ke haɗuwa duk Alhamis, suna ɗora dankali da cuku a tsakiyar ƙullin fulawa suna matse bakinsa da yatsu. A da tebur uku suke cikawa. Yanzu ɗayan ma da gibi.

"Kai, wa nake gani kamar ɗan marigayiya Paraska?" in ji Baba Stefka, tsohuwar da ta girmi kowa a wurin, Baba kuwa kaka ke nan a yarensu. "Mai hoto! Ka yi ɓatan kai ne? Nan babu fitila mai launi, babu furen da ake ɗorawa a kan abinci."

Matan suka kwashe da dariya. Halyna ko kai ba ta ɗaga ba.

"Sannunku da aiki, Baba. Yaya, ina wuni?"

"A gaya wa baƙon can ranar Asabar ake sayarwa," Halyna ta ce da matar da ke gefenta.

"Ba saye na zo ba."

"To duk wanda ya sauko nan ranar Alhamis aiki ya zo," Baba Stefka ta ce, ta wurga masa ƙyallen ɗaurawa a ƙugu. "Wanke hannu. Ku matsa masa kusa da 'yar'uwarsa, ta ga irin rainon da ta yi masa."

Ya zauna. Jirginsa na Calgary da yamma zai tashi, ya kuma shirya maganganu tun a hanya, amma da ya ga furfurar da ta cika kan Halyna sai duk suka gudu. Hannunta ya zama na mahaifiyarsu sak, har yadda take lanƙwasa babban yatsa a ƙarshen matsi. Kewa ta kama shi, ta gidansu mai ƙaramin kicin, ta tagar da tururi ke rufewa, ta muryar Mama tana faɗa a rufe ƙofa sanyi na shigowa.

Ya ɗebi dankali cokali guda tim ya ɗora.

"Ya yi yawa," in ji Baba Stefka. "Haɗama tun yana ƙarami."

"Na gidan abincin haka suke, manya-manya," wata ta ce.

"Yaya, wallahi rubutun nan ban yi tunani ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kwana ɗaya na yi. Na ga kamar zan takura miki."

Halyna ta matse perogi biyu kafin ta amsa, idonta a kan ƙullin.

"Ba kwanan otel ɗin ne ya dame ni ba. Ka ce ba ka taɓa cin mai daɗinsa ba. Ba ka taɓa ba, Orest. Mama da ciwon yatsu ta mutu saboda matsa maka wannan abin."

Ya ci gaba da matsawa, nasa na fitowa a karkace kamar kunnen tsohon kare.

Da aka zuba tirensa a tukunya, abin da ake gudu ya faru. Kusan rabi suka buɗe baki, dankalin ya fito ya dagula ruwan. Baba Stefka ta riƙe haɓa tana kiran sunan Allah. Halyna ta tashi ta ture shi gefe, ta tsamo fasassun da mataci, ta juye a wani tsohon kwano mai tsaga, ta kwarara musu man shanu da albasa.

"Kawo in zubar," ya ce, kunya ta ishe shi.

"Zubar da me? Fasassu ba a sayarwa, ba a kuma ba baƙo. 'Yan gida ke cinye su."

Ta dire kwanon a gabansa, ta koma ta zauna, ta jawo cokali biyu daga aljihun ƙyallenta. Suka hau ci. Gishiri ya ɗan yi kaɗan, ƙullin ya yi kauri a inda yatsunsa suka danne, shi kuwa ƙwalla ta hana shi ganin kwanon sosai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, mai tasi ne ya iso ƙofar coci.

"Ƙarfe nawa jirgin naka?" Halyna ta tambaya.

"Akwai wani gobe."

Ta ɗauki na ƙarshe ta cinye, ta goge bakinta.

"Ɗakin Mama cike yake da kayan ɗinkina. Da kanka za ka kwashe su, ni bayana ciwo yake."