Kofin Farfesa

Auta tana shekara ta biyu a digirinta na biyu a sashen ilimin tsirrai, amma ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba. Ita dai a bar ta da littafi a lungun ɗakin karatu. Sai ga shi Farfesa, dattijuwar da ke duba aikinta, ta kira ta ofis ta ce za ta ara mata ajin 'yan shekarar farko ranar Laraba. Idan abin ya yi kyau, ajin ya zama nata har ƙarshen zango. Idan bai yi ba, ta koma wanke kwalabe a ɗakin gwaji sai baɗi.

Ta zaci za a ba ta littattafai. Maimakon haka Farfesa ta turo mata wani kofin gilashi mai ɗan tsaguwa a baki, ta ce ta cika shi da ruwa ta shiga da shi. Ba ta ƙara komai ba.

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Ta tambayi abokin karatunta Dogo, wanda ya riga ta koyar da ajin, ya ce shi ma an ba shi, ya ajiye a kan tebur bai taɓa ba, kuma ga shi nan yana wanke kwalabe. Yayarta ta ce ai don maƙogwaro ne, ina abin bincike a nan, 'yar boko? Auta ba ta gamsu ba. Ranar Litinin ta shiga darasin Farfesa, ta zauna a bencin baya tana kallon hannunta kawai. Matar ta yi ta bayani murya garau, ko kallon nata kofin ruwan ba ta yi ba. Sai da ta jefa tambaya sannan ta ɗauka, ta kurɓa a hankali kamar mai shan magani. Kafin ta ajiye, ɗalibai biyu sun ɗaga hannu. Ta sake tambaya, ta sake kurɓa. Ashe ba ƙishi ba ne. Bakinta take toshewa don kada ta riga yaran amsawa.

Ranar Laraba Auta ta iso da wuri. Tana jiran ɗalibai su zauna tana kurɓa, tana kurɓa, ba ta ankara ba. Ta fara darasi da gudu kamar an biyo ta, ta cika allo da zanen ganye, sannan ta juyo ta tambaye su me ya sa ganyen da ke inuwa ya fi na rana faɗi.

Ajin ya yi tsit. Amsar ta taho mata har kan harshe. Ta miƙa hannu, sai ta ga kofin wayam. Gilashi kuwa ba ya rufa asiri. Farfesa na can baya ta zuba tagumi.

Auta ta ɗaga kofin haka nan, ta kafa baki, ta sha iska a hankali.

Wani mai hula a gaba ya ce, "Malama, a ƙaro miki ne?"

Dariya ta ɓarke, amma Auta ba ta sauke kofin ba. Da dariyar ta lafa, mai hular da kansa ya ce ko don ganyen ya tari ɗan hasken da ke akwai ne. Wata siririya a jikin taga ta ce to ita shukarta a inuwa take, amma ganyenta ƙanana ne, me ya sa?

Wannan ba ya cikin abin da Auta ta karanta. Ta tambaye ta irin shukar, da girman tukunyar, da yadda take ba ta ruwa, har ta manta da tsoron.

"Gaskiya ban sani ba," ta ce. "Ki zo mana da ita Laraba mai zuwa mu gani."

Sai da ta faɗa ta tuna Larabar ba tata ba ce tukuna.

Bayan an watse ta kai wa Farfesa kofin, tana shirin ba da haƙuri. Farfesa ba ta karɓa ba.

"Kin yi wa yarinya alkawari, wa zai cika miki? Riƙe shi, 'yata. Ni ma ina son ganin shukar nan."