Jakin Gogen Audi

Ɗahiru kafinta shi ya kashe gogen yayansa. Ba ƙiyayya ta sa shi ba, iyayi ne, iyayi kuwa ya fi ƙiyayya ɓarna.

Yayan nasa, Audi, ya shekara talatin yana goge a Unguwar Shanu. A 1956 mutanen gidan rediyo suka aiko ya zo ranar Alhamis su ɗauki kiɗansa a faifai. Tsufa ya zo, tari ya ci ƙarfinsa, kowa ya san wannan kira ba shi da na biyu.

Ranar Laraba Audi ya tafi aski, Ɗahiru ya ɗauki gogen yana jujjuyawa. Idonsa ya faɗa kan jaki, ɗan itacen nan da ke ɗauke da tsirkiya a bisa fata. Wani karkataccen reshe ne, gumi ya baƙanta shi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Kunya ta kama Ɗahiru. A ce yayan kafinta guda ya shiga gaban ma'aikata da wannan? Ya sassaƙa wani sabo da itacen maɗaci, mai kauri, ya murje shi har yana sheƙi. Tsohon jakin kuwa ya cilla shi murhu.

Audi ya dawo, ya shafa wa izga ƙaro, ya ja ta sau ɗaya. Gogen da ke sa dattawa hawaye sai ya yi gunji kamar mai mura.

"Wa ya taɓa min jaki?"

"Ni ne, Yaya. Dubi yadda ya zauna daram."

"Kujera na ce ka yi min? Ina nawa?"

Ɗahiru ya dubi murhu.

Audi ya ce, "Shekara takwas ina kankare ƙafar nan kaɗan-kaɗan kafin fata ta yarda da ita. Naka ya danne ta, ba ta numfashi."

Suka wuni suna yankan rassa suna gwadawa. Wani ya yi tsiwa, wani ya shaƙe. Ranar Alhamis Ɗahiru ya raka shi, ya tsaya bakin ƙofa yana ji. Ma'aikacin ya ɗan saurara, ya ce cikin ladabi, "Baba, sai mun neme ka."

Ba su neme shi ba. Audi ya rasu kafin a yanke dawa, kiɗansa ya bi shi ƙasa, ko faifai ɗaya babu.

Tun daga ranar Alhamis ɗin bai sake amsa gaisuwar ƙanensa ba. Ranar jana'iza Ɗahiru ya miƙa hannu zai kama makara, mutanen unguwa suka ture shi. Daga nesa ya ga an rufe yayansa.