Kangon Mista Gregory

Tassiou ya ɗora dutse a kan katangar, ya goge hannu a wando, ya sake danna lambar ƙanensa Abdoul Razak. Wayar ta yi ta ringin can Damagaram har katin wayar ya cinye kansa. Tun asuba yake wannan fama, don yau masu rusau za su shiga zauren gidansu, kuma shi da kansa ya aika kuɗin aikin.

Wata huɗu ke nan yana gini a bayan gidan Mista Gregory a unguwar Irving Park, can Amirik. Tsohon lauya ne, wanda tun da ya ajiye aiki ba shi da zance sai wani ƙauye na ƙasar Ireland da yunwa ta kori kakanninsa daga cikinsa. Ya je can ya auna tsohon cocin da gadar dutse da injin niƙa, ya zauna da tsofaffi ya naɗi muryarsu, ya kwaso taswirori da hotuna har suka cika teburin cin abinci. A ƙarshe ya gano gidan kakan kakansa, ba rufi, ba ƙofa, tumaki na kwana ciki. Irinsa sak yake so a lambunsa, shi ya sa ya ɗauko magini.

Da farko Tassiou dariya yake yi. A ce mutum ya biya dala a gina masa kango! Amma kullum sai tsohon ya zaunar da shi su duba a hotuna yadda aka jera dutsen murhu, yadda aka kwantar da na saman ƙofa. Ran nan ya ce, "Naku gidan fa?" Tassiou ya ciro hoto daga walat: zauren ƙasa mai zankwaye, fuskarsa cike da zanen da kakansa ya yi da hannunsa. Mista Gregory ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kada ku bari a taɓa wannan." Tun daga ranar barcin Tassiou ya ragu.

Da azahar ya figi tsohuwar motarsa sai High Point Road, shagon Hajiya Hindou mai sayar da garin rogo da katin waya.

"Sarkin magina! An gama wa Bature kufan nasa?" in ji ta. "In ya rage, ka ce ya zo garinmu Tawa, muna da su kyauta."

"Hajiya, ba ni kati mai ƙarfi, don Allah. Sauri nake."

"Ku 'yan Damagaram kullum sauri, kamar ku kuka haifi agogo."

Ya biya, ya fita. A cikin mota ya kankare katin, ya buga. Wannan karon aka ɗauka, kuma kafin ya ji muryar ƙanensa, ƙarar diga ya fara ji.

"Abdoul Razak, ka tsayar da su! Kada a taɓa zauren."

"Yaya, lafiya? Ba kai ka ce a zuba bulo a yi rufin kwanon tol ba?"

"Na fasa. A gyara shi, a sake yaɓe, ko nawa ne."

"To, ga Inna, ka faɗa mata da bakinka."

Ya ji an miƙa wayar, ya ji numfashinta. Ya gaishe ta, ya fara bayani yana haɗa kalmomi: tarihi ne, aikin hannun kaka ne, wani Bature ma da ya ga hoton...

"Bature," ta ce. "Shi zai zo ya kwana ciki?"

"Inna, ki saurare ni."

"A'a, kai za ka saurare ni. Daminar bara azara ta faɗo a inda ɗan ƙanenka ke wasa, Allah ne ya tsare. Duk shekara ni ke tara kwanuka ina tarar ɗigo, ni ke roƙon 'yan unguwa su hau su yi yaɓe. Mai yaɓen gidan ya tafi Amirik yana jera wa wasu duwatsu. Shekara nawa rabonka da ƙofar nan? Kai hoton kake gani a aljihu, mu ƙasar ke zubo mana a tuwo."

"Ko fuskar kawai a bari, wadda ke da zanen."

"Ita suka fara saukewa, tun hantsi. Allah ya yi maka albarka, ɗakin zai yi kyau."

Ya zauna riƙe da sitiyari har muryar kamfanin katin ta ce minti ɗaya ya rage. Bai yi amfani da shi ba.

Da ya koma, ya tarar da Mista Gregory tsaye gaban ginin, hoto a hannu, tabarau a kan hanci. Jikokinsa za su zo ƙarshen mako, yana so su ga inda aka fito.

"Aikinka ya yi kyau, Tassiou. Kyan ne ma ya yi yawa." Ya nuna hoton da yatsa. "Dubi kusurwar nan ta hagu, a can ta zube har ƙasa. Taka a tsaye take kamar jiya aka gina. Ina so yaran su ji abin da na ji ranar da na gan shi."

Tassiou ya dubi kusurwar. Mako guda ya yi yana zaɓar mata duwatsu, har wuƙa ba za ta shiga tsakaninsu ba.

"Ina labarin zauren naku?" tsohon ya tambaya. "Ka yi musu magana?"

"Na yi."

"Madalla! Jikokinka za su gode maka."

Tassiou ya sunkuya ya ɗauki babbar guduma, ya gwada nauyinta a hannu.

"Matsa baya, Mista Gregory," ya ce. "Har ina kake so ta zube?"