Jan Zakara a Kwalbar Zuma

Shekara talatin da ɗaya rabona da Yaya Adama, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ina Makka, ita tana ƙauyenmu a bayan Ningi. Kullum sai in ce mata baɗi ina tafe, har baɗin ta yi furfura. Abin da ya rage tsakaninmu waya ce, sai zuma kwalba guda duk aikin Hajji, ta hannun alhajin da ta yarda da shi.

To, kowa ya sani a gida zuma da soyayyar gyaɗa ba su da mazubin da ya kai tsohuwar kwalbar giya. Ga kauri, murfi ba ya yoyo. Tun farko na gargaɗe ta: ta jiƙa takardar jikin kwalbar ta kankare tas, don a ƙasar nan ko hoton abin ba a wasa da shi. Yaya kuwa ba ta aikin ganin ido. Takan kankare har ƙaron, ta naɗe a tsumma, ta ɗinke da hannunta.

Bana wani Alhaji Umaru ne ya kawo saƙon bayan an sauko daga Arfa. Ɗana Mish'al, haifaffen nan, shi ya farke ɗinkin. Sai na ga ya saki almakashi.

"Ya Baba, esh hada? Mene ne wannan? Kwalbar giya ce fa!"

Ga shi nan ɓaro-ɓaro: jan zakara tsaye kan ganga, sunan kamfani a ƙasansa, sai lamba arba'in da uku.

"Wallahi da an buɗe jakar bawan Allahn nan a Jidda, da ya yi bayani har ya gaji. Bari in fasa ta," in ji Mish'al.

"Fasa kanka dai. Miƙo min."

Boko ban yi ba, amma kwalba na san ta. Ina saurayi na yi shekara uku ina wankin kwalabe a Sabon Garin Kano, Allah Ya yafe mana. A can na ji cewa doka ce mai giya ya sa sunansa da tambarinsa, ya kuma rubuta ƙarfin abin da ke ciki, shi ne lambar nan. A zamaninmu duk a takarda ake bugawa. Da masu jabu suka iya buga takardar fiye da masu ita, sai wasu kamfanonin suka koma buga tambarin a jikin gilashin kansa.

Na rufe ido na shafa kwalbar. Sumul. Babu takarda, babu bakin da farce zai kama. Mai shafawa zai rantse wankakkiya ce. Mai ido kuwa, zakaran nan daga ƙofar gida zai hango shi.

Na ajiye kwalbar. Na ɗauki waya.

"Auta!" Haka take kirana, da shekaruna saba'in. "Zuma ta iso?"

"Ta iso, Yaya. Amma zakaran nan da kika haɗo ni da shi, yanka shi zan yi ko kiwo?"

"Wane zakara kuma? Umaru ya haɗa maka da kaza ne?"

"Na jikin kwalba. Ja, ƙato."

Ina jin awaki a bayanta, da wata mata tana daka can nesa. Rabon da in ji bugun taɓarya irin wannan, tun kafin a rushe mana unguwarmu ta Nakkasa a nan Makka.

"Kai dai tun kana yaro ba a ɓoye maka tuwo," ta ce a ƙarshe.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan. Yanar ido ce, wai. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana sallama."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"In faɗa maka ka aiko da maganin ɗigawa da dabino? Idon nan fa ba magani yake jira ba, Auta."

Ni da na sayar wa Bature da Balarabe kaya da baki kaɗai, ranar tambaya ɗaya kawai na iya yi.

"Yanzu me kike iya gani?"

"Da hantsi, in mutum ya tsaya a bakin zaure nakan ga tsayinsa. Fuska kam sai ya matso sosai."

Mish'al yana tsaye da kwalbar gilashi wankakkiya, yana jiran ya juye zumar. Na rufe bakin wayar na ce masa ya juye, ya fasa waccan yadda yake so, gobe da safe kuma ya nemo min takardar fita da dawowa da tikitin Kano.

"Baba, ƙafarka fa? Likita ya ce..."

"Likitan yayarsa tana gani."

Na mayar da waya kunne. Ashe duk ta ji.

"Baɗin ce ta zo?"

"Sati biyu, in Allah Ya yarda."

"To ka iso da hantsi," ta ce. "Kuma ka sa farar rigar nan taku ta Larabawa. Fari har yanzu ina ganinsa."