Ta Tafi Asibiti

Ina cikin juya awara a bakin zaure motar ofishin su Ummukulthum ta tsaya. Rabe direba ya fito da fayil a hammata, yana tsallake kwatar da ruwan jiya ya cika.

"Sannu da aiki, Inna Larai. Madam tana ciki? Oga ya ce ta sa hannu a nan kafin sha biyu."

"Ba ta da lafiya," na ce, ban ɗago ba. "Ta tafi asibiti tun da safe."

"Ayya, Allah ya sawwaƙe." Ya ɗauki awara ɗaya ya hura. "Wane asibitin? Na Rigachikun, wanda ko bulo ɗaya ba a aza ba tukuna?"

"Ka biya kuɗin awarata, ka bar ni da surutu."

Ya yi dariya har yana shaƙewa da yaji, ya koma mota ya tafi. Bayan la'asar sai ga mara lafiyar ta sauko daga keke, takalmanta sun yi dumu-dumu da jan laka, tana riƙe da ledar lemo.

"Yaya Larai, an yi tiyata," ta ce tana miƙo mini ledar. "Kuma an yi nasara."

Ummukulthum ke nan. Shekara bakwai muna gida ɗaya a Unguwar Kanawa, ni a ɗakin farko kusa da zaure, ita a ciki da falo na can ƙarshe, jikin katangar masu injin niƙa. Aurenta ya mutu kafin ta zo, ba ta haihu ba. Ɗan'uwanta ɗaya ne, Rilwanu, yana tuƙin babbar mota tsakanin Katsina da Legas. A wani kamfanin robobi take aiki, a ofishin da ke kula da ma'aikata. Ita ke ɗaukar mutum, ita ke rubuta masa hutu, ita ke ba shi takardar gargaɗi. Idan kuma an gama da shi, ita ke miƙa masa takardar sallama.

Na tuna ranar da ta fara maganar filaye. Ta dawo daga aiki ta zauna a kan bencina, ko jaka ba ta ajiye ba. Na zuba mata awara, ta bar ta ta huce.

"Mutum goma sha huɗu na sallama yau," ta ce. "Akwai wani Malam Gambo, shekararsa ashirin yana gadi. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce na gode, 'yata. Bai iya karatu ba, Yaya. Sai da na karanta masa."

"Ai ba ke kika kore shi ba."

"Hannuna ne a ƙasan takardar. Kuma tawa ma tana nan tafe. Na ga yadda kamfanin ke tafiya. Wata rana wata yarinya za ta zauna a kujerata ta karanta mini."

Daga nan ta shiga dillanci. Da farko Asabar da Lahadi kawai take fita. Ta koyi yadda ake duba takardar fili, ta san masu unguwanni daga Rafin Guza har bayan Mando, ta sayi tef na awo ta sa a jakar ofis kusa da hatiminta. Burinta shi ne ta tsaya da ƙafarta kafin a sallame ta, ta kuma gina ɗaki biyu nata na kanta. Amma masu saye ba su san Asabar ba. Mutum zai taso daga Kano ran Talata ya ce yau yake son ganin fuloti, kuma idan ba ki zo ba akwai dillalai biyar a tsaye a bakin titi. Ta ci hutunta na shekara ɗaya bayan ɗaya, kafin damina ya ƙare tas. Abin da ya rage mata sai rashin lafiya.

Haka kalmar ta shigo gidanmu. Asibiti shi ne fili. Majinyaci shi ne mai saye. Idan ciniki ya faɗa, an yi tiyata. Idan ya watse, sai ta ce majinyacin ya gudu da ƙarin ruwa a hannu. Da safe za ta leƙo da mayafi a kafaɗa ta langwaɓe kai.

"Yaya Larai, jikin nan dai."

"Sannu. Yau ina ne ke ciwo?"

"Ƙafa hamsin da ɗari, kusa da titi."

Ta iya muryar mara lafiya sosai. Idan tana waya da ogansu, sai ki rantse daga kan gado take magana, ga ta nan tsaye tana ɗaura ɗankwali tana kashe mini ido. Shi ma ogan ya gane, Rabe ya gaya mini. Ya yi shiru ne don babu wanda zai yi masa aikin da take yi. Ni kuwa aikina shi ne in tare duk wanda ya zo daga ofis. Na taɓa ce mata ba na son wasa da ciwo.

"Saura kaɗan, Yaya," ta ce. "In na yi wa ginina rufi, na daina."

Shekara biyu muna haka. Ta rame, amma wa ba zai rame ba? Litinin zuwa Juma'a tana ofis, sauran lokacin tana cikin rana a gonakin mutane tana jan tef. Abincinta biskit da lemon kwalba a cikin keke. Ta yi mako guda tana zazzaɓi yana sauka yana dawowa, tana sayen magani a kemis tana haɗiya a tsaye. Na gani da idona. Ban ɗauke shi komai ba.

Ran wata Litinin na tafi Rigasa, 'yar ƙanwata ta haihu, zan kwana biyu har a yi suna. Talata da hantsi muna tsakar gida, mata sun cika, ana daka, ana guɗa, wayata ta yi ƙara.

"Yaya Larai." Muryar can ƙasa. "Ba ni da lafiya."

Na toshe kunne ɗaya ina dariya. "To, sannu. Majinyacin na ina ne?"

"Cikina ne. Tun asuba. Ina so in je asibiti."

"Allah ya ba da sa'a. A yo mana tsaraba."

"Yaya, da gaske nake. Ki zo."

Wallahi na ji wannan. Ba zan ce hayaniya ta hana ni ji ba. Amma ta sha faɗin da gaske nake a waya idan akwai wani a kusa da ita, kuma na ɗauka so take in dawo in tsare mata zaure. Ni kuma ga shinkafa a wuta, an bar mini.

"Kar ki damu," na ce. "Zan kira Harira. In Rabe ya zo za ta gaya masa."

Na ji tana numfashi. Ta fara cewa wani abu ke nan, wata ta ja hannuna wai ruwa ya tsotse, na kashe wayar.

Na kira Harira, matar ɗakin tsakiya, na ce mata duk wanda ya zo neman Ummukulthum a ce ta tafi asibiti. Harira ta ce to. Rabe ya zo da azahar, ta gaya masa daga bakin zaure, ya yi dariyarsa ya juya. Daga baya na ji cewa ta tura wa ogansu saƙo, ya karanta ya ajiye. Ta kira Rilwanu sau shida, yana kan hanya inda babu sabis. Unguwarmu kuma kwana uku babu wuta, wayarta ta mutu kafin la'asar. Harira ta ce ta ji kamar ana buga wani abu, ta ɗauka masu injin niƙa ne.

Laraba bayan la'asar na dawo da ƙullin cincin da naman suna, har da nata kason. Na wuce kai tsaye zuwa ƙofarta. Ummukulthum ba ta fita ko nan da shago ba tare da ta sa kwado ba. Babu kwado. Na tura, an sa sakata ta ciki.

"Ummu? Ummu!"

Na jefar da ƙullin. Mijin Harira ya zo da taɓarya ya ɓalle sakatar. Tana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, ta sa hijabinta, jakarta a hannu. Ta shirya ke nan ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Cikinta ya kumbura ya yi tauri, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Da na ɗago kanta ta buɗe ido.

"Kin dawo," ta ce.

A keke muka kai ta, kanta a cinyata, kowane rami sai ta damƙe mini hannu. Likitan da ya duba ta yaro ne mai natsuwa. Ya ce hanjinta ne ya ɓule, zazzaɓin ne ya ci shi, dattin ya bazu a ciki. Ya tambaye ni tun yaushe.

"Tun jiya da asuba."

"Me ya sa ba ku kawo ta jiya ba, Mama?"

Me zan ce masa?

Suka sa mata ƙarin ruwa, suka ce sai jininta ya ɗan hau kafin a shiga da ita tiyata. Na zauna a gefen gadon ina jiƙa mata leɓe da auduga. Ina kuka ina cewa ta yafe mini, ta yafe mini, har matar gado na kusa ta juya mana baya.

"Ki bari, Yaya," ta ce. "Ni na koya miki."

"Kin ce da gaske kike."

"Kullum ma haka nake cewa." Ta yi kamar za ta yi murmushi, ciwon ya hana. Can ta ce, "Yau wace rana?"

"Laraba."

"Gobe kwana uku ke nan ban je ba. In ya wuce biyu sai da takardar likita. Ki karɓo mini, kar ki manta. Ni na rubuta dokar, ba za su bar ni ba."

Na ce zan karɓo. Na je na samu likitan a baranda na roƙe shi, ya dube ni wani iri, amma ya rubuta ya buga hatimi. Na kawo mata ta shafa takardar da yatsa, ta ce in sa mata a jaka, aljihun ciki.

Alhamis da safe aka shiga da ita. Ta fito da rai, amma ba ta farka ba. Ana kiran azahar ta cika.

Rilwanu ya iso an riga an yi mata wanka. Ni da Harira muka yi. Mutanen ofis sun zo gaisuwa cikin mota biyu, ogan ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ba su taɓa samun ma'aikaciya kamarta ba. Rabe bai shigo ba. Ya tsuguna a bakin kwata yana kallon ƙasa, da na fito ya miƙe ya ce, "Inna," sai ya koma ya tsuguna. Na wuce shi. Shi ya san abin da ya yi ran Talata, ni ma na san nawa.

Akwai filin da ta saya wa kanta a bayan Mando. Rilwanu ya kai ni na gani. An haƙa rami an zuba harsashi, an ja layi uku na bulo, ciyawa ta fito a tsakiyar inda falo zai kasance. Ya ce sayarwa zai yi, ba shi da halin ƙarasawa. Kamfanin kuma, kafin sadakar arba'in sun ɗauki wata.

Bayan ya kwashe kayanta, mai gida ya sa aka yi wa ɗakin fenti. Wata Asabar ina suya sai ga wani dillali da mata da miji, sabon aure daga gani. Ya yi mini sallama ya wuce da su ciki yana kaɗa makullai. Daga inda nake ina jin muryarsa, injin niƙa bai tashi ba tukuna.

"Ɗaki ne lafiyayye, ranka ya daɗe. Ba ya yoyo, ga iska, ga maƙwabta na kirki. Wadda ta fita ma'aikaciya ce, ba ta ma cika zama ba."

"Sakatar nan sabuwa ce," in ji amaryar.

"Sabuwa fil. Gwada ki gani, Hajiya."

Na ji ta tura ta, ta zare, ta sake turawa. Na sauke kaskon daga wuta na zauna, man yana ta ƙananan tartsatsi har ya yi shiru.