Gidan da Ya Ƙi Zama a Girei

Tun shekarar da aka ƙone musu gida a Michika, Mama Liyatu take zaune a ɗakin haya a unguwar Demsawo, rabin kayanta a ɗaure cikin buhu. Da hanya ta lafa, sai ta ce za ta koma. Ɗanta Albert ya riga ya sayi fili a Girei, kuma ba ya so ta tafi.

Sana'arsa ce sa wa tabarau na kwamfuta abin da babu, mutum ya gan shi zaune a gabansa kamar gaske. Daga tsofaffin hotuna ya sake gina gidan nasu na Michika a cikin tabaran, da rumbun, da zauren, har da tsagar bangon kicin. Abu ɗaya ya roƙe ta: ta zo ta ga gidan tsaye a sabon filin kafin ta yanke shawara.

Tabaran ba ya gane wuri sai da alamu. Ana gobe za ta zo, Albert ya zagaya filin da shi har tabaran ya haddace duwatsu da busasshiyar ciyawa da wani fasasshen tulu, sannan ya kafa kusurwoyin gidan a kansu. Gida ya tsaya cak. Ya daɗe a bakin ƙofar da babu ita, idonsa cike da hawaye.

Washegari matarsa Hilda ta riga su isa. Da Albert da Mama suka sauka daga keke mai ƙafa uku, filin ya yi fes, an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarma.

"Hilda, ina duwatsun?"

"Na zubar mana. Haba Baban Becky, Mama za ta zo, in bar ta ta zauna cikin juji?"

"Tulun fa?"

"Wannan fasasshen? Ko gadonka ne?"

Ya so ya sake saitin, amma ƙasar ta zama bai ɗaya, ba abin da tabaran zai kama. Mama kuma ta riga ta miƙo hannu.

Ta sa tabaran. A wayarsa Albert yana ganin abin da take gani: gidan a rataye, gindinsa bai taɓa ƙasa ba. In ta juya kai, sai ya zame, rumbu ya shige cikin zaure, gidan duka ya riƙa sulalewa a hankali wajen gonar maƙwabci. Ta bi shi taku kaɗan, ta kai hannu inda ƙofar take, ƙofar ta matsa.

"Mama, matsalar na'ura ce. Gobe zan gyara."

Ta cire tabaran, ta goge shi da bakin zanenta, ta ba shi.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Har tsagar ka tuna. Amma ka ga shi ma bai yarda ya zauna ba."

Ta juya wajen surukarta. "Sannu da shara, 'yata. Tambayo mini mai keken nan, motar Michika da safe take tashi ko sai rana ta yi."